Inception ko Interstellar: wanne ya fi a dabarun hoto?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi a dabarun hoto tsakanin finafinan Inception da Interstellar na darakta Christopher Nolan. Kowannensu ya ci lambar Oscar a wannan fanni, sai dai ba hanya ɗaya suka bi ba.

A Inception na 2010, faɗan nan da aka yi a lungun otal mai juyawa gini ne na gaske. A wata tsohuwar rumfar jiragen sama da ke Cardington a Ingila aka ƙera lungun, aka ɗora shi cikin manyan zobban ƙarfe, injina suna juya shi. Ka sake kallo, ka lura da ƙafar ɗan wasa Joseph Gordon-Levitt tana laluben wurin takawa lokacin da bango ke komawa ƙasa. Nauyin jikinsa ne kake gani.

Ni dai Interstellar na 2014 na fi ba wa, saboda baƙin ramin nan na sararin samaniya mai haɗiye har haske. Masanin kimiyya Kip Thorne ne ya ba kamfanin dabarun hoto na Double Negative lissafin yadda haske ke lanƙwashewa a kusa da ramin, su kuma suka rubuta sabuwar manhaja don zana shi. Shi ya sa zoben hasken da ke bayan ramin ya bayyana ta sama da ta ƙasa a lokaci guda. Aikin ya kai har suka wallafa takardun bincike a 2015.

In kuma aikin zahiri ke burge ka, nemi fim ɗin Tenet na 2020, inda Nolan ya sa ainihin jirgin Boeing 747 ya daki gini.