Ku Tambaya, Mu Amsa: Karatun Kimiyyar Siyasa a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma ina son karanta kimiyyar siyasa, sai dai lissafi yana ba ni wahala. Waɗanne darussa zan cike a JAMB? Zan samu gurbi ba tare da kiredit a lissafi ba?
*Wata ɗaliba, Funtuwa*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Darussa huɗu ake rubutawa a JAMB, jimillar makinsu 400. Turanci dole ne ga kowa. Na biyu shi ne Gwamnati, ko Tarihi idan shi makarantarku take koyarwa. Ragowar biyun ana ɗaukarsu daga darussan zamantakewa da na adabi, irin su Tattalin Arziki, Labarin Ƙasa, darasin Addini, Adabin Turanci ko Hausa. Amma kowace jami'a tana iya ƙara nata sharaɗin, kuma yana nan a rubuce a kundin kwasa-kwasan da JAMB take sakawa a shafinta. Ki karanta shi da idonki kafin ki zauna gaban mai cike fom. Ɗalibai da yawa suna cin maki mai kyau su rasa gurbi, don kawai mai kwamfuta ne ya zaɓa musu darussa.

A WAEC ko NECO ana son kiredit biyar, a zaman da bai wuce biyu ba, kuma a ciki dole a samu Turanci da Gwamnati ko Tarihi. Lissafi kuwa ki nemi kiredit ɗinsa ko ta halin ƙaƙa, domin kwas ɗin yana tsangayar kimiyyar zamantakewa ne, jami'o'i kuma suna nemansa. Ko da kin tsallake shi a ƙofa, yana jiranki a ciki, a darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike. Idan sakamako ya fito, ki je cibiyar JAMB a ɗora shi a kan CAPS, wato shafin da JAMB take bi wajen ba da gurbin karatu. Wanda ba a ɗora nasa ba, jami'a ba za ta iya ba shi gurbi ba. Idan makin JAMB bai kai ba, akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello take gudanarwa, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, ya gama a shekara uku maimakon huɗu.

Tambaya: Malam, yarona ya samu kimiyyar siyasa. Ni a sanina siyasa a mazaɓa ake koyonta, ba a aji ba. Me za su koya masa har shekara huɗu?
*Wani uba, Gusau*

Amsa: Alhaji, maganarka tana kan hanya ta wani gefen. Kundin tsarin mulkin 1999 bai nemi digiri ga ɗan takara ba, ilimin matakin sakandare ya wadatar har kujerar shugaban ƙasa. Kwas ɗin ba horar da 'yan takara yake yi ba. Bambancin yaronka da ɗan siyasa kamar na malamin gona ne da manomi: wannan yana noma, wancan yana bin diddigin abin da ya sa gona ta yi kyau ko ta lalace. Za a koya masa yadda ake samun mulki, yadda ake riƙe shi, yadda ake raba dukiyar jama'a, da dalilin da ke sa mutane su yi biyayya ko su bijire.

Zai fara da tunanin magabata a kan mulki, tun daga Aflatun da Aristotal na Girka, zuwa Ibn Khaldun, zuwa Turawa irin su Hobbes da Locke da Marx. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: duk sashen da ya koyar da waɗannan ya manta da malaman Daular Sakkwato ya tauye ɗalibansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano *Diya'ul Hukkam* a kan yadda ake gudanar da mulki, kuma tambayoyin da ke ciki, wa ya cancanci shugabanci, ina iyakar ikonsa, su ne dai ake ta muhawara a kansu a aji. Idan ba a saka shi a manhaja ba, yaron ya nema ya karanta da kansa.

Sannan siyasar Najeriya. Zai san yadda tsarin mulkin Richards na 1946 ya kafa yankuna uku, yadda na 1954 ya mai da ƙasar tarayya, takun-saƙar jam'iyyun NEPU da NPC a Arewa, gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da dalilin barin tsarin firaminista zuwa na shugaban ƙasa a 1979. Ga misalin irin abin da ake warwarewa. A zaɓen 1979 doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya samu ƙasa da kashi 20 cikin ɗari kaɗan. To, kashi biyu cikin uku na 19 nawa ne, 13 ko 12 da biyu bisa uku? Sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar, ta tabbatar wa Shagari nasara a kan Cif Awolowo. Ɗalibi zai zauna ya ga yadda jimla ɗaya a kundin doka take iya yanke wa ƙasa makoma.

Zai kuma haɗu da masana na gida. Peter Ekeh a 1975 ya yi bayanin abin da kowa yake gani amma bai iya faɗa ba: mutumin da ba zai taɓa kwabon ƙungiyar garinsu ba, shi ne zai kwashi kuɗin gwamnati ba tare da jin ya yi laifi ba, domin a zuciyarsa jama'ar biyu ce, ɗaya tasa, ɗaya ta baƙo. Sauran rassan su ne kwatanta tsarin mulkin ƙasashe, hulɗar ƙasa da ƙasa, gudanar da aikin gwamnati, da hanyoyin bincike. Ka riƙa tambayarsa wane littafi ya karanta a wannan zango, ba wane maki ya ci kawai ba.

Tambaya: Ina aji biyu, makina ya sauka zuwa 2.3. Da sauran gyara?
*Wani ɗalibi, Kano*

Amsa: Da saura, ɗana, amma ka fahimci lissafin tukuna. A yawancin jami'o'inmu A tana da maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F babu komai. Ana ninka makin da nauyin kwas, a tara, a raba da jimillar nauyin. Ka ɗauka kana da kwas uku: mai nauyi 3 ka ci A, ka samu 15, mai nauyi 2 ka ci C, ka samu 6, mai nauyi 3 ka faɗi. Jimilla 21 a raba da 8, ya ba ka 2.63. Da C ka samu a na ukun, da 3.75 ke gare ka. Ka ga ɓarnar F ɗaya, kuma ko ka sake kwas ɗin ka ci, yawanci ba a goge ta daga lissafi. A matakan digiri, daraja ta biyu ƙarama tana farawa daga 2.40, babba daga 3.50, ta ɗaya daga 4.50. Saboda haka ka fara ba kwasa-kwasai masu nauyi 3 ƙarfinka, kada ka rasa gwajin tsakiyar zango. A jarrabawa kuma ka lura da kalmar tambaya. Idan an ce ka tattauna, ana son hujja da kishiyarta da misali mai shekara da suna. Juye handawut kalma da kalma iyakarsa C.

Tambaya: Malam, sau uku mai duba kundina yana mayar mini da taken bincikena: "Dimokuraɗiyya da ci-gaba a Najeriya". Ina matsalar take?
*Wata ɗaliba 'yar aji huɗu, Sakkwato*

Amsa: Malaminki ya yi miki gata. Wannan take ya fi ƙarfin wata shida da aljihun ɗaliba. Take mai kyau yana da wuri, da lokaci, da abu guda da za a iya aunawa. Misali: me ya rage fitowar masu zaɓe a ƙaramar hukuma kaza tsakanin zaɓen 2019 da na 2023? Tambayar tana da tushe, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su wuce kusan kashi 27 cikin ɗari ba. Alƙaluman kuma suna samuwa: sakamakon kowace rumfa ana rubuta shi a fom EC8A, INEC kuma ta ɗora hotunan na 2023 a shafinta na IReV. Idan wata hukuma ta riƙe miki bayani, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ta kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta.

Idan takardar tambayoyi za ki raba, ki san adadin mutanen da ya kamata. Ƙa'idar Yamane da aka saba amfani da ita tana nuna cewa a cikin mutum 10,000, da yardar kuskuren kashi 5 cikin ɗari, mutum 385 za ki tambaya, kuma komai yawan jama'a adadin ba ya haura 400. Inda aiki ke lalacewa shi ne wajen rabon. Ɗalibi ya raba wa abokan ajinsa, ya ce ra'ayin ƙaramar hukuma ne. Ki zaɓi mazaɓu ta hanyar ƙuri'a, ki haɗa gari da ƙauye, ki shiga gidaje domin a ji ta bakin mata. Ki fassara tambayoyin zuwa Hausa, ki gwada su a kan mutum goma kafin ki buga da yawa. Kada ki tambayi mutum ko ya sayar da ƙuri'arsa, ba zai faɗa ba. Ki tambaye shi ko ya ga ana rabon kuɗi ko kaya a rumfarsu. Kada ki rubuta sunan kowa. Ina roƙonki kuma, kada ki zauna a ɗaki ki cike takardun da kanki, kada ki sayi tsohon kundi. Wanda ya ƙirƙiri alƙaluma a kundin digiri, gobe zai ƙirƙire su a ofis.

Mai binciken tarihin jam'iyyu kuwa ya nufi Gidan Mambayya a Kano, gidan Malam Aminu Kano da ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa a Kaduna.

Tambaya: Idan na gama, zan iya zama lauya ko jakada?
*Wani matashi, Azare*

Amsa: Lauya a'a, sai ka koma ka yi digirin shari'a, sannan Makarantar Lauyoyi. Aikin jakadanci yana yiwuwa ta Ma'aikatar Harkokin Waje, amma gurabensa kaɗan ne, kuma mai Faransanci ko Larabci ya fi ka kusa. Mai digiri yana shiga aikin gwamnati a mataki na 8 bayan bautar ƙasa. Akwai INEC, majalisun dokoki, aikin jarida, da ƙungiyoyin raya ƙasa. Koyarwa a sakandare tana buƙatar difloma ta malanta da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Fannin ya fitar da manya: Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci INEC daga 2010 zuwa 2015, Farfesa Ibrahim Gambari ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999. Sai dai masu wannan takarda suna da yawa ƙwarai. Abin da mai ɗaukar aiki yake dubawa shi ne ko za ka iya rubuta rahoton shafi biyu mai tsabta, ka sarrafa alƙaluma a manhajar Excel ko SPSS, ka jagoranci hira da jama'a a ƙauye. Ka fara koyon waɗannan tun aji biyu, ka kuma nemi aikin sa-ido ko na wucin gadi a zaɓe mai zuwa, ka ga yadda ake ƙirga ƙuri'a da cike fom a rumfa.