Farin Ciki ko Wadata: Me Ƙasar Butan Take Aunawa?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Na ji a rediyo wai ƙasar Butan, da ke tsakanin Indiya da Sin, farin cikin jama'a take aunawa, ba bunƙasar tattalin arziki kaɗai ba. Shin farin ciki yana aunuwa? Kuma karin maganar nan "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki" ta dace da su? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama, labarin gaskiya ne, kalmar "farin ciki" ce ba ta kwanta mini ba. Sarkin Butan na huɗu, Jigme Singye Wangchuck, shi ya fito da ra'ayin tun shekarun 1970, aka kuma sa shi a tsarin mulkinsu na 2008.

A Hausa farin ciki na ɗan lokaci ne: an yi haihuwa, yaro ya ci jarrabawa, alhazai sun sauka lafiya. Abin da ma'aikatan Butan ke bi gida-gida suna tambaya daban ne. Fannoni 9 suke dubawa, akwai lafiya, ilimi, zumunci, muhalli da mulki, har da awa nawa mutum ke barci da awa nawa yake aiki. Kowane abu an yanka masa iyakar "ya isa". Wanda ya kai iyakar a kashi 66 cikin 100 na abubuwan, ya shiga sahun waɗanda suka dace. Wanda kuɗinsa ya ninka iyakar sau goma ba a ƙara masa maki ko ɗaya.

To wannan ai wadata ce. Mawadaci ba lallai attajiri ba ne, shi ne wanda abin hannunsa ya ishe shi, shi ya sa muke cewa "wadatar zuci" da "mahaƙurci mawadaci". Da ni ne a ɗakin labarai, "ma'aunin wadatar al'umma" zan rubuta. Wasu sun fi son "walwala". Ba laifi, sai dai ta fi karkata ga annashuwa da sakin fuska.

Karin maganar kuwa, nufinta kwana ba fargaba ya fi sarauta da dukiya. A baki ta dace da manufar Butan, amma ni ba zan yi saurin jingina musu ita ba. A farkon shekarun 1990, bayan an tsaurara dokokin zama ɗan ƙasa, kimanin mutum 100,000 masu magana da harshen Nepal suka bar Butan, suka shafe shekaru a sansanonin gudun hijira a Nepal. Ma'aikatan da suka bi gida-gida a binciken 2010 ba su iske su a gida ba, balle a tambaye su yadda suke barci.