Tambayoyin Masu Karatu: Bindigar Gado, Ajiyarta a Gida da Wasan Harbi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu watanni huɗu da suka wuce, kuma cikin abin da ya bari akwai bindiga mai baki biyu wadda yake farautar zabi da fakara da ita. Yana da lasisinta, na gan shi cikin takardunsa. Da aka raba gado sai ta faɗo a rabona. Ni ba mafarauci ba ne, amma ina sha'awar in riƙa zuwa gona ina gwada saiti. Yanzu tana saman kabad a ɗakina, naɗe cikin tsohon bargo, kuma yarana uku ba su san tana nan ba. Shin lasisin Baba ya wadatar da ni? Kuma wannan ajiyar ta yi?
Daga wani malamin makaranta, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kyautata namu bayan nasa. Amsar tambayoyinka biyu ita ce a'a, kuma ta farkon tana buƙatar gaggawa.

Ana gadon bindiga a matsayin dukiya, amma ba a gadon lasisi, domin izini ne da aka ba wa mutum ɗaya da sunansa bayan an bincika halinsa. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da fistol, waɗanda sai shugaban ƙasa ne yake da ikon ba da izininsu. Na biyu shi ne irin taka, wato bindigogin farauta da na wasa, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne bindigar toka da danginta da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha yake kula da su. Dokar ta ba wa magaji kwana 14 kacal bayan rasuwar mai lasisi ya riƙe bindigar, kuma riƙe irin taka ba tare da lasisi ba laifi ne da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 5. Ka ga ke nan wa'adinka ya daɗe da wucewa, ko da yake na san jimamin rashi da hidimar rabon gado ne suka ɗauke maka hankali.

Shawarata ita ce ka ɗauki lasisin Baba da takardar shaidar rasuwarsa, ka nemi lauya ko wani dattijo cikin dangi ya raka ka hedikwatar 'yan sandan jiha, ka yi bayanin halin da ake ciki. Kada ka saka bindigar a mota a wannan zuwa na farko, domin idan aka tare ka a shingen bincike tsakanin Zariya da Kaduna, bayanin gado ba zai yi maka amfani a bakin titi ba. Su za su faɗa maka yadda za a kai ta ma'ajiyar makamai, kuma ka tabbata an ba ka takarda mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin bindigar. Ka kuma sani cewa a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Kayode Egbetokun, ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, saboda haka ka fara tambayar ko ana karɓar buƙata kafin ka sa rai.

Sai maganar saman kabad, wadda ita ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Ka ce yaranka ba su sani ba. Malam, ka yi haƙuri, amma ban yarda ba. Muna yara, wani kawunmu yana da irin wannan bindiga da yake ɓoyewa a bayan buhunan hatsi, yana ganin babu wanda ya sani. Dukanmu mun sani. Mun san ranar da yake zuwa kasuwa, mun san turmin da ake kifawa a taka, kuma har yau ina tuna nauyinta da sanyin ƙarfenta a hannuna ina ɗan shekara tara, ƙanena yana tsaye daf da bakinta yana roƙon in ba shi ya riƙe. Allah ne kawai ya sa babu harsashi a ciki. Yaro yana wuni a gidan da uba yake kwana kawai, saboda haka ya fi shi sanin kowane lungu. Abin da yake hana shi taɓawa shi ne ƙarfe da makulli.

Idan Allah ya sa ka sami lasisi da sunanka, ka sa mai walda ya ƙera maka akwati na ƙarfe mai kauri, doguwa daidai tsawon bindigar, mahaɗin ƙofarta daga ciki, a ɗaure ta da manyan kusoshi a jikin bango ko daɓen siminti, a wurin da baƙo ba ya gani. Ɗaurewar tana da muhimmanci, domin akwatin da mutum biyu za su iya ɗauka su fita da ita ba ta tsare komai ba. Shi ya sa a jihar New South Wales ta Ostireliya doka ta wajabta a kafe duk ma'ajiyar bindiga da nauyinta bai kai kilo 150 ba. A Birtaniya kuwa 'yan sanda kan zo gidan mai neman lasisi su duba ma'ajiyarsa da idonsu. Bindigar ta shiga akwatin babu harsashi a cikinta, harsasan kuma su zauna a wata ma'ajiya daban mai nata makullin. Mai baki biyu tana da wani alheri, domin tana rabuwa gida uku cikin sauƙi: bututun, gindin, da ɗan katakon da ake tallafe ta da shi daga ƙasa. Idan ka cire wannan katako ka kulle shi a wani wuri, ka ƙara wa mai ganganci wahala. Makullin kuwa ya zauna a jikinka, ban da rataye shi a ƙusa ko saka shi a aljihun babbar rigar da ka cire. Dokarmu ta ɗora alhakin tsare bindiga a wuyan mai ita, kuma idan an sace ko ta ɓata dole ne ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisi cikin kwana 14.

Bargon ma ka raba ta da shi, domin yana riƙe danshi da damina, ya sa ƙarfe ya yi tsatsa. Ƙyalle mai ɗan maiƙo da ake shafe ta da shi lokaci-lokaci ya fi mata. Kuma duk bindigar da ta daɗe a ajiye, kada a harba ta sai an buɗe ta ta mahaɗinta an leƙa bututun biyu ana ganin haske fes, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a irin wannan rami, toshewar kuma tana iya fasa bututu a fuskar mai harbi. Tsofaffin bindigogi da yawa an ƙera su ne domin harsashi mai tsawon milimita 65, alhali na yanzu galibi 70 ne, saboda haka sai masani ya duba tambarin da ke jikinta kafin a saka mata komai.

Tambaya: Maigidana yana da bindigar farauta mai lasisi, amma saboda halin tsaro yana kwana da ita a ɗure a ƙarƙashin gado. Muna da ɗa mai shekara 15 wanda kwanan nan ya zama mai yawan fushi da kaɗaita kansa. Na yi magana, ya ce idan ya kulle ta ina amfaninta. Yaya zan yi?
Daga wata uwargida, Gusau

Amsa: Hajiya, tsoron maigidanki ba na banza ba ne, kuma ba zan raina shi ba. Duk wanda yake zaune a Zamfara ya san abin da jama'a suka gani, har ta kai a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta yi kira ga mutane su nemi lasisin bindiga domin kare kansu. Amma ɗan fashi mai yiwuwa ya zo, mai yiwuwa kada ya zo, shi kuwa yaronku yana cikin gidan kullum. Abin da kika faɗa game da fushinsa da kaɗaicinsa shi ne ya sa na ɗauki wasiƙarki da muhimmanci. A Amurka, inda bindiga ta fi yawa a gidaje, fiye da rabin waɗanda bindiga take kashewa duk shekara su ne suka harbi kansu, kuma a 2020 ta zama kan gaba cikin abubuwan da suke kashe yara da matasa a ƙasar. Dalilin a fili yake: ɓacin ran matashi yakan taso ya sauka cikin ɗan lokaci, amma kunamar bindiga ba ta ba da damar nadama. A jihar Michigan ma kotu ta ɗaure wasu iyaye biyu a 2024, bayan ɗansu mai shekara 15 ya ɗauki bindigar da ba su kulle ba ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu a 2021.

Ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, kada ki fara da bindigar, ki fara da yaron. Ki nuna masa cewa akwati a gefen gado, makulli a wuyansa, ba za ta jinkirta shi da yawa ba. Idan bai saurara ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa. Shi kuma yaron, ku zauna da shi, ku ji damuwarsa, idan abin ya ci gaba ku kai shi ga likita.

Tambaya: Na kalli gasar harbi a wasannin Olamfik na Faris a 2024, kuma abin ya burge ni. Shin wannan wasa ne da Musulmi zai iya yi, kuma ta ina ake farawa?
Daga wani ɗalibi, Kano

Amsa: Ɗana, koyon harbi abu ne da aka kwaɗaitar da shi tun zamanin kwari da baka, sai dai yana da ladubba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da yake hana nuna ɗan'uwa da makami, kuma malamai sun ce ko da wasa ne. Wani kuma a Muslim ya hana mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Saboda haka ɗaure kaza ko auna tsuntsu domin nishaɗi kawai ba ya cikin wannan wasa. Takarda ake harbi, ko faifan yumɓu da inji yake cillawa sama.

Wasan ya shiga Olamfik tun gasar farko ta Atina a 1896, kuma ya fi buƙatar natsuwa a kan ƙarfi. A gasar doguwar bindigar iska ta mita 10, ɗigon tsakiya mai maki goma faɗinsa rabin milimita ne, wato kamar ɗigon alƙalami, har ƙwararru sukan koyi sakin harbi tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya. Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a 2004, Abhinav Bindra na Indiya ya ci a 2008, Yusuf Dikeç na Turkiyya kuma, wanda wataƙila shi ka gani hannu ɗaya a aljihu, ya sami azurfa a Faris.

Amma ka lura, a dokarmu ko bindigar iska tana buƙatar lasisi, kuma ba a ba wa wanda bai kai shekara 17 ba. Ka fara da tuntuɓar hukumar wasanni ta jiharka domin a haɗa ka da mai koyarwa a filin da hukuma ta amince da shi. Harbi a gona ko bayan gari ba mafita ba ne, domin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma ba ka san makiyayin da yake bayan kurmi ba. A filin gaske akwai tudun ƙasa a bayan abin da ake auna, kuma abin da za a fara koya maka shi ne ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, bakinta ya kalli wuri mai aminci, yatsanka ya nisanci kunama har sai ka gama saiti. Za a sa ka toshe kunne, domin ƙarar harbi tana wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa. Harsasan kuma na dalma ne, ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, saboda haka bayan kowane atisaye ka wanke hannunka da sabulu kafin ka ci abinci, kuma kada ka shiga da kayan da ka yi harbi da su ɗakin da ƙannenka suke wasa.