Me ya sa gawayi ba ya kamawa da kansa, ko da ana tsakiyar bazara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram. An koya mana cewa sinadarai ba sa rikiɗewa sai ƙwayoyinsu sun yi karo da juna. To ga buhun gawayi a zaurenmu, iska na dukansa dare da rana, akwai kuma oksijin a cikinta, amma bai taɓa kamawa ba sai an sa masa wuta. Sannan innata tana sai da fura: da sanyi nononta yakan kwana lafiya, da bazara kuwa kafin la'asar ya yi tsami. Zafi ne ke ƙara yawan karon?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don kin ɗauki karatun aji kin kai shi zaure kin gwada, kin ga bai zauna daidai ba. Abin da aka koya muku gaskiya ne, sai dai rabin zance ne.

Karo kam ba a rasa shi ba. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne, kuma kowace ƙwayarsa tana gudun kusan mita 480 a daƙiƙa, ta fi sauti sauri. A daƙiƙa guda tana cin karo da ƴan'uwanta sau miliyoyi dubbai. Da kowane karo yana haifar da sauyi, da gawayin da ƙyauren zauren da zanen jikinki duk sun zama toka kafin ki ƙifta ido.

Na san kin taɓa kallon kokowar takobi, ko da a tele ne. Sau nawa ƴan kokowa ke haɗuwa, su dafa juna, su ture, su saki, ba wanda ya faɗi? Kaye ba ya samuwa sai an haɗa ƙarfi da kamu ta inda ya dace. Haka ƙwayoyin suke. Zarrar kabon da ke cikin gawayi a ɗaure take da maƙwabtanta, zarra biyun da ke cikin ƙwayar oksijin su ma suna riƙe da juna tamau. Kafin a ƙulla sabon ɗauri sai tsohon ya sassauta, shi kuma ba ya sassautawa a banza. Mafi ƙarancin ƙarfin da karo ke bukata don wannan aiki shi ne abin da littafinku ke rubutawa Ea, mu kira shi ƙarfin tayarwa. Karon da bai kai shi ba, ƙwayoyin tsalle kawai suke yi su koma baya yadda suka zo. Wanda ya kai shi ma, in manyan ƙwayoyi ne suka haɗu ta gefen da ba nan ɗaurin yake ba, a banza.

Ashana ita ke biyan wannan kuɗin shiga. Tana ba ƴan ƙwayoyin farko ƙarfin tsallakewa, su kuma da suka ƙone sai su saki zafin da ya fi wanda aka kashe musu, ya ishi na kusa da su, a haka wuta ke cin gaba ba tare da an sake ƙyastawa ba. Af, kada ki ɗauka babu abin da ke faruwa a buhun nan. Ana samun karo mai nasara jefi-jefi, zafinsa na bin iska. Shi ya sa sabon gawayin da aka jibge tuli guda bai gama shan iska ba yake iya kamawa da kansa, don zafin ya rasa hanyar fita.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki natsu, don nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa a jarrabawa. Kin ce ko zafi na ƙara yawan karo. Yana ƙarawa, amma ɗan kaɗan ne, bai isa ya bayyana abin da innarki ke gani ba. In zafi ya tashi daga digiri 25 zuwa 35, a ma'aunin Kelbin daga 298 ne zuwa 308, gudun ƙwayoyin ba ya ƙaruwa da ko kashi 2 cikin 100. Duk da haka sauye-sauye da yawa saurinsu ninkawa yake yi. Daga ina ninkin ya fito?

Ƙwayoyin ba gudu ɗaya suke yi ba. Akasarinsu tsaka-tsaki ne, wasu na jan ƙafa, ƴan ƙalilan ne ke da ƙarfin gaske, kuma su kaɗai ke iya tsallake katangar, wato ƙarfin tayarwar nan. Ɗauki sauyin da ƙarfin tayarwarsa kilojul 50 ne a kowane mol (kilojul ma'aunin ƙarfi ne, mol kuma ma'aunin yawan ƙwayoyi). A digiri 25, cikin karo miliyar guda, wato miliyan 1000, waɗanda suka isa ba su cika 2 ba. A digiri 35 sun ɗan haura 3. Har yanzu ƙalilan ne ainun, amma sun kusa ninka na farko, kuma da yake aikin duka a hannunsu yake, saurin ma sai ya kusa ninkawa. Ashe babban aikin zafi shi ne ƙara yawan karon da ke da ƙarfin kayarwa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya tsara lissafin nan a 1889. Bayan haka Max Trautz a Jamus a 1916, da William Lewis a Ingila a 1918, kowa da kansa, suka bayyana shi ta hanyar karon ƙwayoyi.

Mu dawo kan ƙwaryar inna. Daren Janairu a Damagaram zafi kan sauka wajen digiri 15, ranar Afrilu da Mayu kuwa ya haura 40. In kika sa waɗannan a lissafin da muka yi, za ki samu ninki wajen 5. Tsamin nono aikin wasu ƙananan halittu ne, wato bakteriya, masu juya sukarin madara ya koma asid, amma aikin nasu ma sauye-sauyen sinadarai ne, kowane da tasa katangar, ga shi kuma zafi na sa su hayayyafa da sauri. Randa mai sanyi da firigo ba kashe su suke yi ba, rage musu masu tsallakewa suke yi. Sai dai abu mai rai yana da iyaka, in zafi ya yi yawa sai ya mutu, dalilin tafasa madara ke nan.

Sauran hanyoyin duk kin san su a madafa. Fifita wuta da mafici, ko zugazugin maƙeri, kawo oksijin da yawa ne, karo ya yawaita. Faskara itace ƙara fili ne inda iska za ta taɓa, shi ya sa ƙirare ke rigan gungume kamawa.

Akwai kuma katalizar, wanda nake kwatantawa da dillali: ya haɗa mai saye da mai sayarwa a kan farashi mai sauƙi, ciniki ya faɗa, shi ya fito yadda ya shiga ya nufi wani cinikin. Ba ya ƙara wa ƙwayoyi ƙarfi, wata hanya yake buɗe musu mai gajeriyar katanga. Nitirojin ya kai kashi 78 cikin 100 na iska, amma ɗaurinsa mai igiya uku ne, da wuya ya tsinke. Sai da Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa da katalizar da zafi da matsi ana iya haɗa shi da haidurojin a samu amoniya. Yau da ƙarfe ake wannan aiki a masana'antu, kuma daga nan takin yuriya da manoman Miriya da Matamaye ke saye yake fitowa. Kanwar da ake jefa wa wake kuwa, kada ki rubuta ta a matsayin katalizar, na sha ganin haka a takardun ɗalibai. Ita ruwan take mayarwa alkali, wato kishiyar asid, shi ke sa abin da ke riƙe da ƙwayoyin waken ya saki da wuri.

Ina so ki gwada wannan da hannunki. Samo ƙwayar bitamin C irin mai tafasa a ruwa guda 3, da kofi 3 masu ruwa daidai wa daida. Biyu ki ɗebo daga randa, ɗaya ki sa mai ɗumi. Jefa ƙwaya sukutum a na randa, wata sukutum a mai ɗumi, ta ukun ki daka ta tukuna ki zuba a ɗaya na randar. Ki riƙe agogon waya ki rubuta daƙiƙa nawa kowanne ya yi kafin kumfa ta kwanta, sannan ki aiko mini da alƙaluman, mu duba tare wanne ya fi tasiri a kofinki, zafin ko dakan.