Bashin shadda ya maƙale, wane lauya zan ɗauka?

Tambaya: Ina da shagon shadda da atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Na ba wani dillali kayan naira miliyan 3 bashi, yau wata takwas yana min yawo da hankali. Ɗan yayata lauya ne, ya ce zai yi min aikin kyauta. Wani kuma ya ce in kawo dubu 200, ya san alƙali. Wa zan bi?

Amsa: Alhaji, Allah ya fito maka da haƙƙinka. Wanda ya ce ya san alƙali, ka rabu da shi tun yau. Cin hanci yake tallata maka, kuma kuɗinka ne za su bi shanun sarki.

Shi kuwa ɗanka, tambaye shi irin shari'ar da ya saba. Lauyan da kullum yake neman belin waɗanda aka tsare daban yake da wanda ya goge a karɓo bashi da rikicin ciniki. In ba fanninsa ba ne, ya haɗa ka da wanda ya iya. In fanninsa ne, to ka biya shi ko yaya, domin aikin kyauta ba a iya matsa wa mai yinsa, zumunci ne zai sha wahala.

Zaman farko da lauyan shi zai nuna maka komai. Ka tafi da littafin bashi, da rasit, da saƙonnin WhatsApp, da shaidar duk abin da dillalin ya taɓa turowa ta banki. Sai ka lura: ya buɗe littafin nan yana bin kwanan wata da yatsa, ko tun ba ka gama bayani ba ya fara maganar kuɗinsa? Lauyan kirki zai tambaye ka wa ya shaida, ko mutumin ya taɓa amsa bashin a rubuce, ko ya ba ka cek da banki ya dawo da shi, wanda laifi ne a dokar 1977. Tambayar da na fi so in ji ita ce: wannan dillalin yana da abin da za a kama? Da yawa sun ci shari'a, takardar hukunci na aljihu, kuɗi babu.

Ka nemi lambar rajistar lauyan ta Kotun Ƙoli, ka kuma duba hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a takardun da yake sa wa hannu. Kuɗin aiki a rubuta: nawa ne, kaso ne daga abin da aka karɓo ko tsayayyen kuɗi, wa zai biya kuɗin shigar da ƙara. Duk abin da aka karɓo ya faɗa asusunka kai tsaye.

In ya ce a sa 'yan sanda su kama mutumin, ka ƙi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kamu kan bashi zalla, kana iya komawa kai ake ƙara. Hanya ita ce wasiƙar neman biya da wa'adi, sai sulhu gaban shugabannin kasuwa, kafin kotu.

Kada ka ƙara jinkiri, shigar da ƙarar bashi tana da wa'adi a doka. Cikin makon nan ka sa dillalin ya rubuta adadin da kake binsa, ya sa hannu gaban shaidu biyu.