Amsar Baban Guruf Kan Tsadar Kyamara da Girgizar Ƙasa

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, wuta ce babu a nan Tudun Wada.

Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce ka je sayen bodin kyamara na hannu, wato jikin kyamara ba tare da lens ba, dila ya ɗora maka kuɗi a kan farashin da kuka yi magana makon jiya, wai an yi girgizar ƙasa can inda ake ƙera su, kaya za su yanke. Kana tambaya gaskiya ne ko wayo. To, maganar tana da tushe, amma ba yadda ya faɗa maka ba.

Ka ga kyamarar da ke rataye a wuyanka, sunan kamfani ɗaya ne a goshinta, amma cikinta taron dangi ne. Sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, daga wata masana'anta, gilashin lens daga wata, ƙananan cif-cif ɗin da ke sarrafa hoto daga wata, batir daga wata, sannan a kwashe su a kai wata ƙasa a haɗa. Kuma kamfanonin nan ba sa jibge kayan haɗi a sito, suna da tsarin da suka koya daga Toyota, kayan da za a yi aiki da su gobe yau suke isowa. Yana rage musu asara, amma fa ranar da abu ɗaya ya maƙale, layi gaba ɗaya ya tsaya. Ko da kashi 99 na kyamara sun haɗu, in babu sensa ai kwali ne kawai.

Mu da muke cikin sana'ar a 2011 mun ga abin da idonmu. Ranar 11 ga Maris aka yi girgizar nan ta arewa maso gabashin Japan, mai ƙarfin maki 9, wadda ta taso da igiyar teku har ta lalata tashar nukiliya ta Fukushima. A lokacin Nikon na da masana'anta a yankin Sendai inda take haɗa manyan kyamarorinta na ƙwararru, irin su D3S da D700, ta tsaya. Canon ma masana'antarta ta lens da ke Utsunomiya ta taɓu. Har waɗanda gininsu bai tsage ba sun sha wahala, domin ana ta rabon wutar lantarki, hanyoyi sun lalace, masu kawo musu ƙananan kaya sun rufe.

Ba a gama farfaɗowa ba, a watan Oktoba na shekarar dai, sai ambaliya ta mamaye Tailan. Wannan ce ma ta fi shafar irinmu masu hoton biki. Akwai wani gari Ayutaya, arewa da Bankok, inda aka tara masana'antu a fili mai kwari kusa da kogi. A nan Nikon ke haɗa mafi yawan kyamarorinta masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda muke ɗauka zuwa kamu da walima. Ruwa ya shanye hawan ƙasa na ginin, wajen mita 2, kuma ba irin ruwan da ke janyewa washegari ba ne, makonni ya yi yana kwance a kan injuna. Sai farkon 2012 suka fara dawowa aiki. Sony ma tana da masana'anta a yankin, dole ta ɗage fitar da kyamararta NEX-7 da mutane ke ta jira. Sannan had-dis, wanda muke zuba bidiyon biki a ciki. Tailan na cikin manyan masu ƙera shi a duniya, masana'antun Western Digital suka nutse, har sai da aka sa masu nutso su shiga ciro injuna. Kuɗin had-dis ya kusan ninkawa, ya kuma daɗe bai sauko ba. Ni a lokacin sai na koma goge tsofaffin ayyuka don in samu wurin zuba sabo, abin da har yau in wata amarya ta dawo neman bidiyonta nake jin nauyi.

Amma wadda nake so ka riƙe ita ce ta Kumamoto, a kudancin Japan, Afrilun 2016. Girgiza biyu ce, ranar 14 da ranar 16. Sony na da masana'antar sensa a wurin, kuma abin da da yawa ba su sani ba, Sony ba kanta kaɗai take yi wa sensa ba. A lokacin Nikon na saya a wurinta, Fujifilm na saya, Olympus da Pentax haka. Wato kamar gadar kogin Kaduna ce da safe, ko daga Barnawa ka fito ko daga Kakuri, ko wace irin mota ka hau, nan za ku haɗu, in ta toshe kowa ya makara. Ita kuma sensa ana yin ta ne a ɗakin da ko ƙura ɗaya ba a yarda ta shiga ba, da injunan da aka saita su daidai wa daida. In ƙasa ta jijjiga, ba share tarkace kawai za a yi ba, sai an sake tsabtace ɗakin, an sake saita kowane inji, waɗanda ke kan layi kuma da yawa sun lalace. Ga shi sensa ɗaya tana ɗaukar watanni kafin ta kammala. Shi ya sa aka yi watanni ana ƙarancin sababbin kyamarori a shekarar. Amma ka lura, wayoyin hannu ba su ji jiki sosai ba, domin nasu sensa yawanci a wasu masana'antun Sony ake yi, irin ta Nagasaki. Ka ga ke nan ba kowace girgiza ce ke taɓa kowane kaya ba. Ko ta Taiwan ta Afrilun 2024, mai ƙarfi ce ƙwarai, amma TSMC, babban kamfanin cif na duniya, cikin 'yan kwanaki ya koma aiki, don sun gina masana'antunsu da shirin haka.

To yanzu mu dawo kan dilanka. Ka tambaye shi, a wane gari aka yi girgizar, wace masana'anta ce ta tsaya? In ya fara kame-kame, ka gane. Na biyu, ko da gaske ne, ƙarancin ba ya isowa Kaduna cikin mako guda. Akwai kaya a sito a Dubai, akwai a jirgin ruwa, akwai a shagunan Ikeja da Alaba, sai sun ƙare tukuna. Na uku, kai fa na hannu kake nema, bodin da aka ƙera shekaru da suka wuce, wani ma an daina yin sa. Eh, in sabo ya yi wuya na tsawon lokaci mutane kan koma kan na hannu, shi ma ya ɗaga, amma a hankali ake ganin hakan.

Mu a nan, abin da ke cinye mu dala ce. A 2016 ɗin nan da ake ta maganar Kumamoto, a watan Yuni Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 197 zuwa kusan 280 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuwa ta doshi 500 kafin farkon 2017. Wannan ne ya fi ƙona mana aljihu. In da dilan ya ce maka dala ce ta motsa ko kuɗin kwastan, da sai in ce duba farashin yau ka lissafa da kanka.

Shawarata, in kana da biki a hannu ƙarshen watan nan kuma babu bodi na biyu, saya, amma ka tsaya a kan farashin farko, in ya ƙi ka leƙa wasu shagunan a Ahmadu Bello Way. In ba gaggawa, ka dakata. Kuma kafin ka biya ka duba adadin harbin shata, wato yawan hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, ka cire lens ka haska sensa da fitilar waya, ka ɗauki farin bango ka zuƙo hoton ka ga ko akwai tabo.

Turo min lambar bodin da kuɗin da ya faɗa maka ta akwatina, zan tambayi mutanenmu na Legas gobe in Allah ya kai mu. An kira magariba, sai anjima.