Ku Tambayi Anti: Sai mun je Masar kafin yara su ga kayan tarihi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki? 'Yata da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta ga hotunan da gwaggonta ta ɗauko a gidan tarihi na Alkahira, tun ranar ta hana ni sakat, ita sai ta ga kayan mutanen dā da idonta. Anti, mu da kuɗin makaranta ma sai an yi dabara, ina mu ina Masar? Da na yi wa Abbansu maganar kuma, cewa ya yi ai gumaka kawai ake tarawa a irin wuraren nan. Me kike gani?

Uwar yara huɗu, Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana wannan yarinya, ta burge ni. Masar kam Allah ya kai ku wata rana, domin abin da ke can ya fi namu yawa da tsufa, ba zan ruɗe ki ba. Amma kuɗin Keke Napep ya ishe ku somawa. Ki ce a sauke ku gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, Unguwar Sarki. Tun 1975 yake nan, kuma na tabbata kin sha wuce shi ba ki waiwaya ba. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, sai da jikoki suka tasa ni gaba.

In kun shiga, kada ki bari su yi ta gudu daga wannan gilashi zuwa wancan. Ku nemi kawunan Nok, ku tsaya a nan. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, cikin jiharmu ta Kaduna. A can masu haƙar kuza suka fara tono irin wannan gasasshen yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kai da aka samu a Jema'a. Wanda ya tsince shi kafa shi ya yi a gonarsa ta doya yana korar tsuntsaye! Fagg ya lura da kamannin da ke tsakaninsa da na Nok, daga nan bincike ya kankama, shi ne ma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Wasu daga cikin kayan nan sun haura shekara 2,500, kuma mutanen da suka yi su sun iya narka tama su fitar da ƙarfe.

Ki sa ta kalli idanun. Kusan duk masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da kunne, wani lokaci har da baki. Cikin kan fanko ne, da hannu aka gina shi yadda ake ginin tukunya, hujojin kuwa suna barin iska ta fita lokacin gashi don kada ya fashe. Sannan ku dubi gashin. Jikata ta daɗe tana leƙen wani kai, can ta juyo ta ce, "Hajiya, wannan ai shuku aka yi mata." Na yi dariya, amma yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Kitso da duwatsun wuya da awarwaro, duk suna jiki. Ashe kwalliya ba yau aka fara ba.

Batun Abbansu kuwa, ni ba mai ba da fatawa ba ce, yana da malaminsa, ya tambaye shi. Abin da idona ya gani dai, ba wanda ke durƙusa wa komai a wurin. 'Yan makaranta ne da malamansu, da ma'aikaci yana bayani. Kuma ba kawuna kaɗai ke ciki ba, akwai tukwane da kayan sana'o'in gargajiya. Kada ki tsaya gardama da shi. Ki dai gaya masa ginin nan shi ne tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC ta su Sardauna, ki ga ko ba zai nemi hularsa ba. In kun fito da sauran lokaci, ku ƙarasa Gidan Arewa a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, wanda ya koma cibiyar binciken tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Nan ne za ki rasa yadda za ki janye shi.

Ku tafi da hantsi kafin rana ta yi zafi, ki riƙe canjin kuɗin shiga da ruwan sha, kuma ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto. Ƙananan ki riƙe hannunsu, ba a taɓa kayan. Ita kuwa babbar ki saya mata littafin rubutu da fensir, ta zaɓi kai ɗaya ta zana shi. In ta gama ki aiko mini da zanen ta ofishinmu, ina son in gani.